Majigin Siton Gyaɗa da Ƙafar Arzika

Ranar Alhamis ce, ana idar da sallar azahar, cikin kakar da ta biyo bayan shekarar 'yancin kai, muka tsaya mu uku a ƙofar siton gyaɗa na garinmu: ni, da abokina Arzika masunci, da Na-Gado sankira, wanda aka ɗauka ya yi wa jama'a bayanin majigin da za a nuna a ranar. Garin namu ƙarami ne a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Bagudo, ba nisa da iyakar ƙasar da a lokacin ake kira Dahomey. Ba zan faɗi sunansa ba, domin jikokin waɗanda suka ɗaga sanda suna nan da rai, suna gaishe ni a masallaci. Abin da muka kalla a siton nan shi ya jefa ran Arzika a hannun mutanen da suka ci kifinsa tun yana saurayi.

Jikokina ne suka tayar mini da wannan magana. Kowannensu yakan shige lungunsa, waya a tafin hannu, igiya a kunne, yana kallon abin da suke kira fim ɗin tsoro. Na karɓi ɗaya na duba, don ba ɗabi'ata ba ce in kushe abin da ban gani ba. Na ga an sare kai, an farke ciki, jini yana feshi kamar a mahauta ranar jajibiri, yarinyar da ke da wayar kuwa tana tsaye kusa da ni tana ɓare gyaɗa. In wuri ya yi mata tsawo sai ta ja da yatsa ta wuce shi. Na ce mata wannan ba tsoro ba ne, ƙyama ce, kuma aiki ne na wanda bai ƙware a sana'arsa ba. Ta tambaye ni inda na san tsoron fim. Ban amsa mata a tsaye ba, domin amsar tana bukatar zama.

Sai mutum ya san abin da majigi yake a wurinmu kafin ya gane sauran. Motar gwamnati ce mai lasifika take zuwa da rani, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta, a nuna yadda ake shuka auduga a layi, da yadda ake haƙa masai, da manyan ƙasa suna saukowa daga jirgi suna ɗaga hannu. Ba a taɓa nuna mana ƙarya a ƙyallen nan ba. An nuna masu yin lamba suna tsaga damtsen yara, ba a jima ba sai ga masu lamba sun iso da akwatunansu. An nuna sabuwar tuta, sai ga ta a ƙofar dagaci. Saboda haka mutanenmu suka ɗauki majigi a matsayin shela mai hoto: abin da ya bayyana a ƙyalle, ko ya faru ko yana tafe. Ni na sha bamban da su a nan, ba don wayo ba. An kai ni makarantar mishan ina ƙarami, inda wata Baturiya mai tsanani take sa mu wasan kwaikwayo a ƙarshen shekara, tana dukan gaɓoɓin yatsunmu da rula in mun tsallake kalma ɗaya. Na ga yaro ya mutu a dandamali, ya tashi ya ci tuwo. Na dawo gida ina koyarwa a elementare, kuma waɗanda suka taɓa ganin irin wannan a garin duka ba su cika hannu ɗaya ba.

Arzika tare muka tashi, kafin a raba mu, shi a ba shi raga ni a ba ni alli. Dorina ta kife masa jirgi yana sabon aure, ta tauna masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa idon sawu, ƙafar ta warke a sandare. Tun daga nan tafiyarsa ta zama sauti biyu: taki ɗaya mai nauyi, sannan ja a ƙasa. Duk garin an san sautin nan. Da hantsi in ya taso daga bakin ruwa, ƙugiyar da yake jawo manyan kifaye da ita a rataye a kafaɗa, mata sukan ji shi tun daga nesa su fito da ƙwarya. Yana da dariya mai cika unguwa. Ni yakan kira ni Ticha, yana cewa Turawa sun mayar da ni gida da wuya a miƙe kamar an haɗiyar da ni sanda, ni kuma ina gyara masa magana har ya gaji ya cusa mini kan kifi a aljihu.

Mai majigin ranar ba na gwamnati ba ne. Wani ɗan kasuwa ne daga hayin Dahomey, ana ce masa Sabi, ya sayi tsohon inji a hannun Faransawa yana yawo da shi kasuwa-kasuwa a cikin kwale-kwale. Dendanci yake ji da Faransanci, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da rana yake nuna majiginsa don yana son ƙetarewa kafin duhu, shi ya sa ya nemi sito, aka toshe tagogi da buhuna. Har yanzu ina jin warin wurin: ɓawon gyaɗa, kashin jemage, zufar mutane da hayaƙin injin wuta da ke tari a waje. Maza muka zauna gaba a kan tabarmi, mata suka cunkushe ta baya kusa da ƙofa. Aka rufe ƙofar, aka sa mata gungume.

Labarin wata mata ne a babban gida mai bene, hoton baƙi da fari. Ba a nuna mana fuskar mai kisan ba ko sau ɗaya, kuma nan ne gwanintar take, abin da masu yin fim na yanzu suka kasa ganewa. An nuna matattakalar katako babu kowa a kanta, aka bar mu muna kallonta har ƙirji ya fara ciwo. Sa'an nan sautin ya zo daga sama: taki, sannan ja. Taki, sannan ja. Mai gadin gidan ya ɗauki fitila ya hau dubawa. Inuwar ƙugiya ta sauko a bango, ta shige masa ƙarƙashin haɓa, aka fizge shi sama. Ƙafafunsa kaɗai aka nuna mana suna shure-shure a iska, takalmi ɗaya ya faɗo yana gangarowa mataki-mataki, fitilar ta fashe. Ba mu ga ɗigon jini ba, amma kowa a siton ya kama maƙogwaronsa. Daga baya aka kashe kuku, aka kashe wani likita da ya zo duba matar, shi an ja shi ne ta ƙarƙashin gado, farcensa yana kartar daɓe yana barin layi. Abin da ido bai gani ba zuciya ta ƙera shi da kanta, kuma kowace zuciya ta ƙera daidai abin da ta fi tsoro. Ga shi kuma ba dodo ba ne mai ƙaho. Mutum ne mai tafiya da ƙafa, cikin gida mai ƙofa da gado irin wanda ake kwana a kai.

Na-Gado bai san Faransanci ba ko kalma ɗaya. Sankira ne, aikinsa yawo da murya, kuma a ganinsa shiru a gaban taro abin kunya ne. Don haka ya riƙa ƙaga bayani yana tsaye gefen ƙyalle: ya raɗa wa matar suna, ya ce gidan a bakin wani babban ruwa yake, ya ce mai ƙugiyar ya gama da garuruwa da yawa kafin wannan. In sautin ya taso sai ya rage murya ya ce mu saurara, ga shi nan tafe. Mata suna salati ta baya, wani tsoho ya zare takalmi ya jefi ƙyallen, aka yi dariya, dariyar ta mutu nan take. Arzika yana gefena yana matse mini cinya da yatsun nan nasa masu kama da igiya, yana raɗa mini cewa ga ɗan'uwansa gurgu ya sami aiki wurin Turawa.

Aka kai inda matar ta kulle kanta a ɗaki, ta jingina da ƙofa, wuƙar kicin a hannunta, mariƙin ƙofar yana juyawa a hankali. Sai ƙyalle ya yi fari fat. Faifan fim na ƙarshe ruwa ya shige shi a wurin ƙetarowa, fim ɗin ya manne da juna ya zama dunƙule. Sabi ya ɗago gwangwanin faifan yana nuna mana, yana ba da haƙuri da harshensa. Jama'a suka tashi da hayaniya suna tambaya ko an kama mutumin. Na-Gado ya dubi Sabi, ya dubi taron, ya gyara hula.

"Ba a kama shi ba," in ji shi. "An ce ya ƙetaro ruwa."

Wasu samari suka yi dariya. Wani dattijo ya nuna ƙyallen, ya nuna wajen kogi, yana tambayar Sabi da hannu ko gaskiya ne. Sabi ya zaci ana tambayarsa ko ta ruwa ya zo, ya gyaɗa kai yana murmushi. Aka ɗage gungume, muka fito cikin rana, shi kuma ya haɗa kayansa ya ƙetare, bai sake dawowa ba.

A hanya na tambayi Arzika abin da ya ba shi daɗi a ciki, shi da ya taɓa shiga bakin dorina. Ya tsaya ya gyara ƙugiyarsa.

"Ticha, ran da tak kama ni ban ji tsoro ba, babu lokaci. Tsoro sai wanda ad da wurin zama. Wanga kau na ji shi har ga cibiya, ina zaune bisa tabarma, ga ka gefena kana makyarkyata kamar ɗan tsako, kuma na fito da ƙafata guda da tar rage. In Sabi ya dawo gobe ni ka fara shiga."

Na yi shekaru ina juya maganar nan, ban sami abin gyarawa a cikinta ba. Daɗin tsoro irin na kallon kura ne a hannun gardi: gashin jikinka ya tashi, numfashinta ya taɓa ka, amma da takunkumi a bakinta, kuma ga mutane kafaɗa da kafaɗa da kai. Takunkumin labari kuwa ƙarshensa ne. Kakata, wadda take ba mu tatsuniyar dodanni har mu riƙe zanenta, tana da doka guda da ba ta karyawa: ba a kwana da tatsuniya a buɗe. In yaro ya yi barci kafin ƙarshe sai ta tashe shi, ta gaya masa yadda aka kashe dodon, ta yi ƙurunƙus a kunnensa, sa'an nan ta bar shi. Takan ce wadda ba a rufe ba takan bi mutum har shimfiɗa. Yaran yanzu suna da ƙarshen kowane labari a ƙarƙashin yatsa, ba su da taron da za su ji tsoro tare. Mu a ranar muna da taron, ƙarshen ne ba mu samu ba.

Kafin mako ya zagayo garin ya canza. Ana tokare ƙofa da turmi tun magariba. Mata ba sa zuwa ɗiban ruwa sai a ayari, da namiji mai gora a gaba. Labarin ya kai garin Sharabi ya dawo da ƙari, wai an tsinci mutum a rataye a kan tsamiya, ba wanda ya san sunansa ko garinsu. Na yi magana a aji, na yi a dandali bayan la'asar, na ce wasa ne, waɗanda aka kashe suna can suna cin abincinsu. Dattawa suka saurare ni da haƙuri irin wanda ake yi wa yaro mai ilmin boko, ɗayansu ya ce tun da aka fara kawo majigi garin nan bai taɓa ganin an nuna abin da babu ba, kuma mai majigin da kansa ya gyaɗa kai. Na je wurin Na-Gado na ce ya zaga gari ya janye maganarsa. Ya ce sankiran da ya ƙaryata kansa sau ɗaya wa zai ƙara ba shi shela, in bari kawai, abin zai huce.

Sa'an nan mata suka daina fitowa da ƙwarya. Arzika yakan taso da hantsi kamar kullum, taki da ja, sai a ji ƙofofi suna rufuwa a gabansa ɗaya bayan ɗaya. Yara suna binsa daga nesa suna kiran mai ƙugiya. Da fari abin dariya ya ba shi, har yakan ƙara jan ƙafar ya yi musu gurnani su watse. Na same shi a bakin ruwa yana gyaran raga na ce ya daina, ya ajiye ƙugiyar a gida, in da hali ma ya tafi wurin dangin matarsa har a manta.

"Ƙugiya in aje ta," ya ce. "Ƙafar fa, Ticha? Ita ma in bar ta gida? Mutanen ga sun san ni. Su sun ka ɗauko ni daga ruwa ran da abin yaf faru."

Wata safiya aka aiki Hassi, 'yar Garba mahauci, ɗiban ruwa ita kaɗai, don ayari ya riga ya dawo, ita kuwa ba ta dawo ba. Uwarta ta bi sawu ta tarar da tulunta a ajiye a mashaya, kusa da shi kuma ga layin jan ƙafa a kan yashi, wanda yake nan kowace safiya tun shekaru, ba wanda ya taɓa kula da shi. Ina cikin aji ina rubutu a allo na ji ƙara kamar ta kasuwa ta taso daga wajen kogi. Na ajiye allin na fita da gudu.

Na tarar sun kewaye Arzika tsakanin jirage biyu da aka kife a kan yashi. Ya fito ke nan daga ruwa, kifi a ƙugiya, jini yana ɗiga daga bakin kifin a kan ƙafarsa. Garba yana gaba da gatarin sara ƙashi, yana tambayarsa inda ya kai yarinyar. Arzika yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, yana cewa bai ga kowa ba, tun asuba yana tsakiyar ruwa. Ya ɗaga hannu don ya nuna wajen da ya yi su, ƙugiyar ta ɗagu tare da hannun, mata suka yi kururuwa. Gora ta farko ta same shi a ƙeya. Bai faɗi ba. Ta biyu aka nufi ƙafarsa mai lafiya, na ji ƙarar ƙashin kamar an karya busasshen kara, ya zube a kan gwiwa. Daga nan ban ƙara iya bambance hannun wani da na wani ba. Taɓarya, filafili, dutsen wanki, duk abin da ke bakin ruwan an ɗauka. Fuskarsa ta tsage daga gira zuwa kunne. Ya sa hannuwa ya kare kansa aka farfasa yatsun. Wani saurayi da na koya wa karatu ya ɗauki ƙugiyar ya kafa masa a kafaɗa ya ja shi a kan yashi, yana cewa ya ɗanɗana abin da yake yi wa mutane.

Na kutsa ina ihu cewa wasa ne, hoto ne, babu wani mai ƙugiya. Aka buge ni da gindin gora a baki, haƙorana na gaba suka zube, aka ture ni cikin ruwa. Da na ɗago na ga Na-Gado ya hau bayan jirgi, hularsa ta faɗi, yana buɗe muryar nan tasa da take kai wa ƙarshen gari.

"Jama'a, ni nay yi ƙarya! Ban san Faransanci ba! Ni naƙ ƙaga shi!"

Ba wanda ya waiwaya. Sun ji shi a sito cikin duhu da shiru, a nan kuwa kowa muryar kansa yake ji. Garba bai sara da kaifin gatarin ba, da bayansa ya buga, sau ɗaya, a tsakiyar ƙirji, yana kuka yana kiran sunan 'yarsa. Bayan wannan bugun ne taron ya ja da baya, ba don wani ya hana ba, sai don abin da ke kwance a kan yashin ya daina kama da abin tsoro. 'Yan doka suka iso daga gidan dagaci da kulake, suka tarar mutane suna tsaye suna kallon hannayensu.

Ni da Na-Gado muka ɗora shi a kan asabari muka kai shi zauren dagaci. Idonsa ɗaya ne yake buɗewa. Ya dube ni, ya ga bakina, ya yi ƙoƙarin yin dariya, jini ya fito maimakonta. Ya ce a je a ɗauko kifin kada ya lalace, a kai wa matarsa. Ya tambaya ko an ga yarinyar, na ce ba a gani ba tukuna.

Arzika ya cika kafin la'asar, aka binne shi a ranar. Washegari Hassi ta dawo daga Kende a kan jaki, da lalle a hannu. Gwaggonta ce ta same ta a mashaya ta tafi da ita biki, ta bar sallahu wurin wata tsohuwa, tsohuwar ta manta.